Targaɗen Da Ya Ƙi Barina

A wurin mutanenmu, wanda ya karye shi ne mara lafiya. Shi ake tururuwar zuwa dubawa, amma mai targaɗe sai a ce masa, "Ai da sauƙi, tunda ƙashi lafiya." Ni nawa ya same ni ne a filin ƙwallon unguwarmu ta Mayo Gwoi a Jalingo. Ƙafar dama ta lanƙwashe ciki, idon sawu ya kumbura suntum. Kawuna ya kai ni wurin wani mai ɗori, ya ja, ya shafa man kaɗe, ya ɗaure. Cikin mako uku kumburi ya sace.

Ciwon ne ya ƙi tafiya. Hasali ma sai ya sauko tafin ƙafa da dunduniya, ya zauna fiye da shekara. Zaman tahiya ya zama aiki, ƙwallo kuwa sai kallo. Ko a kan ƙaramin dutse na taka sai ƙafar ta sake gurɗewa. Na yi hoton ƙashi, aka ce babu komai, aka ba ni maganin rage zafi.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ce in nemi sashen gashin ƙashi. Sunan nan yana ruɗin mutane, domin kowa ya ji shi sai ya tuna da ruwan zafi da tsumma. Jami'ar da ta duba ni ba ta gasa komai ba. Cewa ta yi, "Malam, tsaya da ƙafa ɗaya, ka rufe ido." Da ta hagu na tsaya cak. Da ta dama ko daƙiƙa biyar ban kai ba.

Ga bayanin da ta yi mini. Jijiyoyi uku ne ke riƙe da idon sawu ta gefen waje, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su. Bayan riƙo, su ne ke taimakawa wajen sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka a ƙasa. In sun yage suka warke ba tare da horo ba, saƙon kan makara, ƙafa ta yi ta gurɗewa. Ɗingishi kuma ya karkatar da nauyin jiki, shi ya sa tafin ƙafa ya ɗauka.

Wannan fanni ya shigo Nijeriya tun 1945 a asibitin Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digirinsa a 1966. Duk da haka, a gidanmu babu wanda ya taɓa jin ana kai mai targaɗe can.

Aikin gida ta ba ni: jawo tafin ƙafa da tawul, tura ƙafa a kan roba mai talewa, ɗaga dunduniya a bakin dakali, da tsayuwa da ƙafa ɗaya lokacin goge baki. Ƙannena sun sha dariya. Bayan wata uku na iya takawa daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca ba tare da na tsaya ba. Da sanyin hunturu kan ɗan motsa da asuba, sai na taka kaɗan yake saki.