Daren da Ƙanwata Ta Koya Mini Karanta Allon Kwamfuta

Wannan makon labarin bangon littafi na kawo muku, da wata kunya da na sha a gaban ƙanwata.

A bara ƙungiyarmu ta yanke shawarar buga tarin gajerun labaran mambobi. Kuɗin da aka harhaɗa ya ishi ɗab'i da kyar, amma na mai zanen bango babu. Ana cikin jimami sai Shugaba ya juyo gare ni ya ce, "Ai ga ɗan kwamfutarmu nan, mai difiloma." Ni kuwa kai ya kumbura, na ce a bar mini, kuma ba a waya zan haɗa ba, da Blender zan yi.

Ga wanda bai san ta ba, Blender manhaja ce ta kyauta da wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya assasa. A 2002 jama'a suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka 'yanta ta, kowa ya samu damar amfani da ita. Da ita aka yi fim ɗin Flow da ya ci kyautar Oscar a 2025. Aikinta ya bambanta da na Canva ko PixelLab da muka saba. A nan kai za ka gina abin da kansa, tsawo da faɗi da kauri, ka ajiye fitila, ka saita kyamara, sannan ka danna F12 kwamfuta ta lissafa yadda haske zai sauka a kan kowane abu ta fitar maka da hoto. Wannan lissafin shi ake kira renda, kuma shi ne ya kusa sa ni kuka.

Abin da na tsara mai sauƙi ne: fitilar ƙwai a kan tabarma cikin zaure, gefenta ƙwarya da buɗaɗɗen littafi. Ashe gilashi na cikin abubuwan da suka fi wahalar da injin Cycles, saboda haske yana ratsa shi yana karyewa. Duk danna F12 sai na jira fiye da awa uku a tsohuwar laftof ɗina, wadda batirinta ya riga ya mutu. In launin harshen wutar bai yi mini ba, na gyara, sai wata awa ukun. Mako uku ina haka, kullum ina tsine wa na'urar ina cewa da ina da babbar kwamfuta da tuni an wuce wurin.

Saura kwana biyu a kai wa maɗaba'a, na zauna tun bayan magariba ina gyaran saƙar tabarma da inuwar ƙwarya. Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, allo ya yi baƙi ƙirin. Sai a lokacin na tuna rabona da adana aikin tun la'asar. Da aka dawo da wuta na buɗe, tabarmar ta koma shafaffiya kamar leda. Na dafe kai, ina tunanin da wane baki zan yi wa Shugaba bayani, ga ranar ƙaddamarwa an riga an sanar, ga mutum goma sha huɗu da wannan ne karon farko da sunansu zai hau littafi.

Ƙanwata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare tana zaune kusa da ni. Ta ja laftof ɗin ta danna File, ta fara karanta abin da ke jere da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, irin karatun 'yan makaranta. Na ce ta bar mini kayana. Ta ce, "Yaya, wannan Recover ɗin fa? Malaminmu ya ce ma'anarsa dawo da abu." Na karɓa don dai ta ƙyale ni. A ƙarƙashinsa akwai Auto Save. Na danna, sai ga tabarmata da saƙarta, abin da na rasa bai wuce aikin minti biyu ba. Ashe manhajar da kanta tana ajiye kwafi duk bayan minti biyu. Shekara biyu ina buɗe wannan jerin, idona bai taɓa sauka a kan Recover ba.

Daren nan ban yi barci ba. Na ce tunda yarinya ta tsinci wannan da karatu kawai, bari ni ma in karanta. Na bi allon lungu-lungu, ina ɗora kibiyar linzami a kan kowane maɓalli har bayaninsa ya fito. Na tarar adadin samfurin haske da take lissafawa an saita shi a 4096, kuma ban taɓa taɓa shi ba. Na mayar da shi 200, na bar mai share dusar hoto da ke ƙasansa ya ƙarasa sauran. Awa uku ta koma ƙasa da minti ashirin, kuma idona bai ga bambanci ba. Na gano in kana kallo ta kyamara ka danna Ctrl da B, za ka ja akwati a kan fitilar kaɗai, a yi rendar wurin a bar saura. Na gano harafin J yana sauya maka tsakanin hoton da ka fitar ɗazu da na yanzu don ka gwada su. F3 kuma akwatin nema ne, ka rubuta sunan aikin da kake so ya kawo maka shi.

Da na natsu na tambayi kaina me ya rufe mini ido. A bidiyon YouTube na koyi Blender, ina tsallake bayani don tsimin data, ina kwaikwayon hannun mai koyarwa. Abin da ya danna na sani, abin da bai danna ba kamar babu shi. Ga kuma girman kai: mai difiloma ai ba ya tsayawa karanta jerin umarni. Ƙanwata ba ta da abin karewa, shi ya sa ta karanta. Ita kuwa laftof ɗin da na yi ta zagi, ita ce dai ta fitar da bangon washegari kafin azahar.

Na kawo labarin nan ne don mu ma haka muke yi da kayan rubutunmu. Mutum nawa ne a zauren nan suke rubuta "kofa" da "daki" suna cewa wayarsu ba ta da ƙ da ɗ, alhali Gboard na da allon Hausa a cikin jerin harsunansa? Mutum nawa suka yi asarar babi guda, ba su san Google Docs na ajiye tarihin duk gyaran da suka yi ba?

Ku ware rabin awa a makon nan, ku buɗe manhajar da kuke rubutu da ita, ku karanta duk abin da ke jere tun daga sama har ƙasa. Wanda ya tsinci wani abu ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, mu ma mu amfana. Ita kuwa ƙanwata, da littafin ya fito na ba ta kwafi ɗaya. Ta juya bangon gaba da baya ta ce, "Yaya, ina sunana?" Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.