Mu Su Wa? Tunawa da Ɗakin Wanke-wanke da Ƙwallon Kwando a Wisconsin

A watan Agustan 2018 na sauka a jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka domin karatun digiri na uku, ɗauke da akwati biyu da kuma jin kai irin na ƙaramin malamin jami'a wanda ya saba ɗalibai su karɓe masa jaka. Tallafin karatun da na samu ya ishi kuɗin makaranta da na haya, sai dai bai san da iyalin da na baro a Kano ba, balle ƙannena uku da ke makaranta. Wata na biyu bai ƙare ba lissafi ya fito fili cewa sai na nemi aiki. Dokar bizar ɗalibai ba ta yarda baƙo ya wuce awa 20 a mako ba muddin ana cikin zangon karatu, kuma aikin ya kasance a harabar jami'a. Guraben ɗakin karatu da na ofisoshi waɗanda suka riga ni zuwa sun cike su. Abin da ya rage shi ne ɗakin wanke-wanke na babban zauren cin abincin ɗalibai.

Ɗaki ne marar taga, kullum cikin tururi. Ɗalibai kan ɗora tirensu a kan wani bel mai tafiya, ya shigo mana da shi ta wata kafa a bango, ta yadda ba ma ganin fuskar kowa, sai abin da ya ci ya rage. Mutum ɗaya ya kankare faranti, na biyu ya jera su a injin, na uku ya tsaya a ɗaya ƙarshen yana kwashe su da zafinsu. Nakan ninka safar hannu biyu saboda ragowar naman alade. A gidan da na tashi, namiji ba ya wanke kwanon da ya ci abinci a ciki, balle na wani. Saboda haka da Inna ta tambaye ni a waya wane irin aiki na samu, sai na ce ina taimakawa ne a sashen kula da abincin ɗalibai. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma na zauna a tsakanin biyun kusan shekara uku.

Babba a ɗakin wani baƙar fata ne ɗan asalin birnin Milwaukee, mai kimanin shekara sittin, ma'aikacin dindindin. Ranar farko ya ce in kira shi da sunansa tsirara, kamar yadda kowa ke yi. Bakina ya ƙi. Na gwada kalmarsu ta girmamawa mai kama da yallaɓai, ya ce shi ba soja ba ne. Daga ƙarshe muka daidaita a kan Kawu, na koya masa kalmar ya karɓa, shi kuma ya raɗa mini Farfesa, rabi zolaya rabi addu'a. Da ya ji daga Najeriya nake, tambayarsa ta farko ita ce ko na san Hakeem Olajuwon. Na ce na san sunan. Ya ajiye farantin da ke hannunsa ya dube ni kamar wanda ya ce bai san Dutsen Dala ba alhali a Kano aka haife shi. A wajensa na fara jin cewa wannan ɗan Legas ya ɗauki kofi sau biyu a jere da ƙungiyar Houston Rockets, a 1994 da 1995, kuma yakan shiga fili da azumi a bakinsa. Ni da na girma ina jin sunan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ban taɓa taka ƙafa na je kallonta ba.

Kawu yana da wata tsohuwar rediyo da yake ɗorawa a saman kanta, ya lulluɓe ta da leda saboda tururi. Duk daren da ƙungiyar Milwaukee Bucks ke wasa, da ita muke aiki. Da kunne na fara sanin wasan tun kafin in gan shi da ido, kuma Turancin mai sharhin, mai gudu kamar ruwan kwata, ya buɗe mini kunne fiye da duk wata lacca. Da yake ɗan koyo ba ya rabuwa da sana'arsa, nakan riƙa juya abin da nake ji zuwa Hausa a zuci. Maki da kwando da gwarzon shekara ba su ba ni wahala ba. Jifan nan da ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ya tsaya shi kaɗai a kan layi ba mai tare shi, shi ya ɗauke ni kwanaki, har na ari ƙirar da masu sharhin ƙwallon ƙafa suka yi wa fenareti na ce jifan daga kai sai kwando. Har yau ina ganin ba laifi.

Sunan da rediyon ta fi ambata shi ne Giannis Antetokounmpo. Na ɗauka Bagirke ne tsantsa, sai da Kawu ya ce mini ai naku ne. A Atina aka haife shi a 1994, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Legas, uba Bayarabe, uwa 'yar ƙabilar Ibo. Ya yi tallan agogo da tabarau a bakin titi, kuma bai mallaki takardar zama ɗan ƙasar Girka ba sai a 2013, shekarar da Bucks ta ɗauke shi. Sunan gidansu Adetokunbo ne. Rubutun Girkanci na yau ba shi da harafi guda na sautin d ko b, sai a haɗa n da t, a haɗa m da p, kuma da aka mayar da sunan zuwa boko a fasfo sai ya fito da waɗannan haruffa a jikinsa. Wannan labari ya taɓa ni fiye da yadda Kawu ya zata. Sunana na ɗauke da harafi mai lanƙwasa, kuma daga fasfo har ɗan katin da nake maƙalawa a ƙirji an miƙar da lanƙwasar, an bar ni da sunan da ba na mahaifina ba. Ga wani da ofis ya sauya wa suna fiye da nawa, amma ya sa jiha guda ta zauna ta koyi furta shi.

Ban san ranar da na fara cewa mun ci ba. Na dai tsinci kaina wata safiya cikin tsananin sanyin ƙarshen Janairun 2019, lokacin da ma'auni ya sauka wajen digiri 30 ƙasa da sifiri, ina shiga ɗakin ina tambayar Kawu da maki nawa muka ci jiya. Masana sun sha yin rubutu a kan faɗin ma'anar ci da sha a Hausa. Ni a zauren ci da sha na ji su a jikina, domin wani dare mu ci, wani dare mu sha kashi, faranti kuma ba su fasa shigowa.

Wakilin sunan ne ya zo ya ba ni wahala. A ranar 11 ga Maris 2020 aka dakatar da gasar NBA saboda annobar korona, ba da jimawa ba aka rufe zauren, aikin ya tsaya, aiken da nake yi gida ya tsaya tare da shi. Ranar 23 ga Agusta wani ɗan sanda a garin Kenosha na jihar ya harbi wani baƙar fata mai suna Jacob Blake. Bayan kwana uku 'yan wasan Bucks suka ƙi fitowa fili su kara da Orlando Magic, sauran wasannin ranar ma aka ɗage su. Da dare Kawu ya kira ni, muryarsa a dushe, ya ce yau ba mu fita ba. Na rasa amsa. Fulfulde ta raba mu gida biyu: akwai enen da ke haɗawa da wanda ake yi wa magana, akwai minen da ke fitar da shi waje. Hausa ba ta yi wannan rabon ba, Turanci ma haka, don haka ban san ko ina cikin mu ɗin Kawu na wannan dare ba. Ni baƙo ne mai tikitin komawa, kakannina ba su ɗanɗana abin da nasa suka ɗanɗana ba, kuma na ji nauyin shiga makokin da ba a gayyace ni ba. Na faɗa masa haka, a kaikaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Farfesa, ranar da aka tsayar da kai a hanya da dare, ba wanda zai tambaye ka digirinka." Ban ji daɗin maganar ba, kuma ban iya musanta ta ba.

Da aka sake buɗe zauren muka koma bakin injin da takunkumi a fuska. A bazarar 2021 Bucks ta kai wasan ƙarshe da Phoenix Suns, ta sha kashi a karawa biyu na farko, sannan ta ci uku a jere. Karawa ta shida ta faɗo ranar Talata 20 ga Yuli, wadda ta yi daidai da Babbar Sallah. Da safe na je idi da babbar rigar da na ajiye a ƙasan akwati, da rana na cire ta na ɗaura rigar leda. 'Yan uwa 'yan Najeriya sun shirya cin naman layya da yamma, na ba su haƙuri na shiga motar Kawu muka nufi Milwaukee. Yana yaro ɗan firamare Bucks ta ɗauki kofinta na farko a 1971, zamanin Lew Alcindor, wanda duniya ta fi sani da Kareem Abdul-Jabbar, kuma ya ce ba shi da tabbacin wata shekara hamsin ɗin.

Kuɗin tikiti ya fi ƙarfinmu, sai muka tsaya a dandalin da ke wajen filin Fiserv Forum cikin dubun-dubatar mutane, muna kallo a manyan allunan talabijin. Raunin Giannis sananne ne: jifan daga kai sai kwando. A Phoenix 'yan kallo har ƙirga masa daƙiƙoƙi suke yi da ƙarfi don su ruɗa shi. A wannan dare ya jefa 19, guda 17 suka shiga, ya tashi da maki 50, aka tashi wasa 105 da 98. Na juya in yi wa Kawu magana na tarar ya durƙusa a kan kwalta ya rufe fuska da hularsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne a can, biyar na asuba a Kano. Na tuna ban yi wa Inna barka da Sallah yadda ya kamata ba, na san kuma ta tashi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai, wace irin hayaniya ce wannan? Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Mun ci ne."

"Ku su wa?"

Na buɗe baki in ce wata ƙungiya ce ta garin, sai na ji na ce, "Ni da wani dattijo da muke wanke kwanuka tare."

Ta yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Ina jiyo kiran salla daga masallacin unguwarmu a bayanta.

"Kwanuka," in ji ta. "Shekara nawa?"

"Uku, Inna."

"To. Shi dattijon, ya samu naman Sallah kuwa?"

Na ce bai samu ba. Ta ce in tabbata na nemo na kai masa, in kuma gaishe shi.