Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A shekarar 2003, lokacin da nake binciken digirina na uku, na zaga wasu ƙauyukan ƙasar Katagum ina tattara kalmomin sana'ar saƙa daga bakin tsofaffin masaƙa. Abin da na samu, da muryoyinsu da rubutun da na yi, na zuba su a kan wasu faya-fayai da ake kira Zip. Kowane faifai yana ɗaukar megabayit 100, wato kimanin abin da faifan fulofi saba'in za su ɗauka. A wancan zamani gani nake na gina rumbun da gara ba za ta taɓa ci ba. Kasetocin asali kuwa, damina da ƙaura daga gida zuwa gida suka ga bayansu.

A shekarar 2024 wata ɗalibata da ke nazarin kalmomin sana'o'i ta nemi in ba ta aron wannan aiki. Na ɗauko faya-fayan da na'urar karanta su, sai na tarar ba ta da wurin shiga a jikin kwamfutata. Igiyarta mai baki faffaɗa ce, irin mai tsinke 25 da ake jona firinta da ita a da, kwamfutocin yanzu kuwa sun daina zuwa da wannan kafa. Nan fa gabana ya faɗi, domin duk dattawan da na yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya.

Na garzaya wurin wani saurayi mai gyaran kwamfuta. Da ya jujjuya na'urar sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ko da mun samu kafar, sabuwar manhaja ba ta jin yaren wannan abu." Ya bayyana mini cewa kowace na'ura tana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke tsayawa tsakaninta da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. A matsayina na ɗalibin harshe, nan take na gane: tafinta ne babu. Mafita ita ce a koma wa babbar manhajar da ta yi zamani da na'urar.

Muka zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta daga ɗakin ajiya, muka kaɗe mata ƙura, muka sauya ƙaramin batirin da ke riƙe mata kwanan wata, sannan muka ɗora mata Windows XP, wadda ta fito a 2001. Saurayin ya gargaɗe ni da kada in kuskura in jona ta da intanet, domin tun watan Afrilun 2014 aka daina aiko wa wannan manhaja gyare-gyaren tsaro. Ta zama gida marar ƙyaure. Da muka saka faifan farko, na'urar ta yi 'yar ƙara, sai ga jerin sunaye a allo. Jim kaɗan muryar wani dattijo ta cika shagon, yana lissafa sassan masaƙa: allera da ƙoshiya da takala. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba.

Sai dai da sauran rina a kaba. Da na kwashe rubutun zuwa sabuwar kwamfuta, duk haruffa masu lanƙwasa suka rikiɗe zuwa wasu alamomi marasa ma'ana. Dalili shi ne, tsofaffin haruffan Hausa da muka yi aiki da su aron gurbi suka yi: an zana ƙ da ɗ da ɓ a mazaunin wasu alamomi na daban. Idan babu waɗannan haruffa a kwamfuta, sai mai gurbi ya dawo gurbinsa. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ya san wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Makonni uku na yi ina mayar da su tsarin Unicode, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin. Duk da haka, faifai biyu daga cikin goma sha ɗaya sun ƙi buɗewa. Abin da ke cikinsu ya tafi ke nan.

Haƙiƙa tsohuwar zuma ta yi magani, amma darasin da na ɗauka shi ne, tsohuwar manhaja kwalekwale ce ta tsallaka kogi, ba wurin kwana ba. Laifin nawa ne da na bar amanar dattawa shekara ashirin da ɗaya a wuri guda ban waiwaye ta ba.

Saboda haka, ya ku malaman gobe, duk abin da kuka tattara, tatsuniya ce ko waƙa ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ku adana shi a wuri fiye da ɗaya, ku rubuta Hausarku da Unicode, kuma ku riƙa sauya masa mazauni tun na'urar da ke karanta shi tana da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya.