Yadda Na Koyi Ɗaga Jikina da Hannu Biyu

Akwai wani motsa jiki da malamin wasanni yake ji da shi ƙwarai, wanda ɗalibai ke kira firesof. Watau mutum ya yi rub da ciki, ya dogara da tafin hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar sanda, ya sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, sa'an nan ya tura ya tashi. Mai kallo sai ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. To, ni dai sa'ad da na shigo kwalejin nan ko guda ban iya yi. Abin kuwa ya dame ni, gama an faɗa mana idan muka fita koyarwar gwaji kowa zai kai ajinsa fili, ya nuna musu da jikinsa. Yara kuwa, kun san halinsu, ba su raga wa malamin da ya ce a yi abin da shi ya kasa.

Kada ku ce raggo ne ni. Da fartanya na tashi, guga kuma na ja ta har hannuna ya yi kanta. Amma noma da jan ruwa aikin ja ne, ƙarfinsu a gadon baya da gaban damtse yake. Wannan kuwa turawa ce, naman ƙirji da na kafaɗa da na bayan damtse ke yinta, na ciki kuma ya riƙe ƙugu kada ya lotsa. Nauyin ma ba kaɗan ba ne. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin mutum bisa hannuwansa yake sauka. Ni mai kilo 60, kilo 40 ke nan nake so in ɗaga farat ɗaya!

Da na gane haka sai na nemi dabarar rage kayan. Na fara da bangon ɗakin kwananmu, ina tsaye, in jingina da tafin hannu in tura, sau goma, in huta, in sake har zagaye uku. Abokan ɗakina suka yi ta dariya, wai ina so in ture musu gini. Bayan mako biyu na koma tebur, daga nan sai dakalin bakin aji. Muddin hannu ya ƙara yin ƙasa, nauyi sai ya ƙaru, ga asirin ke nan duka. Na kuma yi na durƙuso, gwiwa a ƙasa, wanda ke ɗora wa hannu kamar rabin nauyin jiki.

Amma wanda ya fi yi mini amfani shi ne saukowa a hankali. Sai in hau bisa hannuwa sosai, in riƙa sauka ina ƙirga ɗaya har biyar, in na kai ƙasa in sa gwiwa in tashi. Ashe naman jiki ya fi ƙarfi wajen sauke kaya bisa ga ɗaga shi, saboda haka wanda bai iya tashi ba yana iya sauka, yana kuwa tara ƙarfi a nan. Lalle wannan akwai tsamin jiki. Kashegari ko riga na zo sawa sai na cije baki. Shi ya sa kwana uku kaɗai nake yi a mako, ina tsallake rana, domin a lokacin hutu ne nama ke ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin shawararta ta 2020, cewa ta yi baligi ya yi aikin ƙarfafa jiki aƙalla kwana biyu a mako.

Gwiwar hannu kuma ba a baza ta kamar fikafikan ungulu, kusa da haƙarƙari ake jawo ta kaɗan, don a tausaya wa kafaɗa.

A mako na bakwai, wata Laraba da asuba, na sauka na tashi guda ɗaya cif, ƙugu bai lotsa ba. Damtsena bai ƙara kauri yadda ido zai gani ba, gama ƙarfin makonnin farko yawancinsa jijiyoyi ne ke koyon aiki tare. Yanzu ina yin goma sha biyu ba hutu. Aji huɗu aka ba ni a zango mai zuwa, da bango kuma zan fara da su.