Daga Ishbiliya Zuwa Santiyago a Ƙafa



Sunan Ishbiliya da na Ƙurɗuba mun fara jin su ne a zauren mahaifinmu, cikin sunayen malaman da ake karanta littattafansu. Ba mu taɓa zaton wata rana za mu tsaya a gindin hasumiyar babban masallacin Ishbiliya, wadda aka kammala a 1198, yau kuma ƙararrawar coci ke bisanta, mu ɗaura jaka a baya mu nufi arewa ba. Mu uku ne, hanyar kuwa ta kai kusan kilomita 1000.

Kiristoci ne ke bin ta don ziyarar wani kabari a birnin Santiyago, wanda suke cewa na Yaƙubu ne, ɗaya daga cikin hawariyawan Annabi Isa (AS). Kafin mu tashi, Malam ya tambaye mu abin da zai kai ɗan Musulmi kan hanyar ibadar wasu. Muka ce yawon ganin ƙasa ne da neman sawun magabata. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To, ku kiyaye salla, ku duba abin da kuke ci."

Maganarsa ta biyu ita ta fi ba mu wuya. Lardin Estiremadura daji ne mai itatuwa jefi-jefi, kuma ƙarƙashinsu baƙaƙen aladu ke kiwo, su ne dukiyar mutanen wurin. Miya, wake, har abin da ake sa wa cikin burodi, da wuya a rasa namansu. Kwanaki da yawa burodi da cuku da man zaitun suka riƙe mu. A wani ƙauye wata tsohuwa ta gane damuwarmu ba tare da mun iya harshenta ba; ta wanke kasko a gabanmu, ta soya mana ƙwai da dankali, ta ƙi karɓar kuɗi. Allah ya shiryar da ita, ya saka mata.

Sawun da muke nema kuwa ba sai an tona ba. Man da ta soya ƙwan da shi suna kiransa "asaite", wato az-zait. Masana da dama na ganin sunan hanyar kansa, Biya da la Falata, daga kalmar Larabci al-balaɗ ya fito, ma'ana daɓaɓɓiyar hanya, domin Rumawa ne suka shimfiɗa ta da dutse. A Marida, a bakin doguwar gadar Rumawa, muka shiga ganuwar da Abdurrahman na Biyu ya gina a 835, muka sauka matakala har ga ruwan da sojojinsa suke sha. A nan muka daɗe ba wanda ya ce uffan.

Bayan Kasaras ruwa ya ƙare mana tsakar rana, ba gari ba rijiya, ƙafafu duk sun yi bororo. Muka yi taimama muka haɗa Azahar da La'asar a inuwar wani dutse. Ɗayanmu ya tuna da kakansa da ya tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, ya shekara bakwai kafin ya komo. Kunya ta hana mu ƙara yin ƙorafi a ranar.

Salamanka da Samora mun wuce su cikin sanyi, sai Galisiya mai ruwan sama da duwatsu. A masaukin matafiya kowa da gadonsa a ɗaki guda, saboda haka sallar Asuba a tsakar gida muke yin ta, a hankali. Sau ɗaya kawai wani ya yi mana kallon banza.

Santiyago tana da tarihi mai nauyi tsakaninmu da su. A 997 Almansur ɗan Abi Amir ya ci garin ya rushe cocin, amma ya hana a taɓa kabarin. An ruwaito cewa fursunoni Kiristoci ne suka ɗauki ƙararrawar cocin a kafaɗa har Ƙurɗuba, kuma da birnin ya faɗi a 1236, fursunoni Musulmi aka sa suka mayar da su. Mun auna nisan nan da ƙafafunmu, jakar kowannenmu ba ta kai kilo 10 ba.

A dandalin cocin abokan tafiyarmu suka rungumi juna suna kuka, suka shiga ciki. Mu muka zauna a kan dutse muka cire takalma, muka kira Malam a waya. Abin da ya fara tambaya shi ne ko mun yi Azahar.