Kwalin Sabulun Baba

Mu da iyayenmu suka baro Kano suka zauna a Dawaki, nan Gombe, saboda kasuwanci, a cikin kwali muka koyi zama. Inna takan ɗauko kwalin sabulu daga shagon Baba, ta cusa tsummokara gefe da gefe, ta dasa yaro a tsakiya.

Da ɗan Yayana ya kai wata 7 bai zauna ba, hankalin gida ya tashi. Maƙwabta har sun fara ƙus-ƙus, wai ko ƙashin bayansa ne. Na kwashi ɗan abin da nake tarawa na sayo masa doguwar kujerar cin abinci ta yara. Muna ɗora shi ya langaɓe, saura kaɗan ya faɗo.

A asibiti aka ce mu ajiye kujerar sai ya iya zama da kansa, domin lafiyayyun yara sukan zauna tsakanin wata 4 zuwa 9. Inna ta ce, "Auta, ɗauko mini kwali."

Yana cika wata 8 ya zauna a tabarma, ba mai riƙe shi. Sai a lokacin kujerata ta yi rana. Allah ya raya mana su.