Ƙofa ɗaya, makulli a aljihun wani

Yau zan ba ku labarin wani ɗaki. Ban taɓa shiga cikinsa ba, amma ya hana ni barci.

Ƙanena ya tafi bida ƙasar Libiya. Bayan wata takwas aka kama shi, don ba shi da takardu. Ba a kai shi gaban alƙali ba. An kai shi inda ake tsare baƙi kafin a mai da su ƙasarsu. Da Allah ya maido shi gida, wata rana bayan lisha muna zaune bisa tabarma, na ce masa: "Me ya fi ba ka tsoro can? Yunwa ko duka?" Sai ya ce: "Yaya, ƙofa ce."

Ya ce asalin wurin ɗakin ajiyar kaya ne, ba a gina shi don mutane ba. Rufin kwano ne. Tagogi ƙanana suna can sama, an gitta musu ƙarfe. Ƙofa ɗaya ce tak, ita ma ta ƙarfe. Katifun soso sun cika ƙasa, ga wayar lantarki tsirara a jikin bango. Da dare gardi ya kulle su ta waje, ya sa makulli aljihu, ya yi tafiyarsa. Ƙanena ya ce: "Duk dare idona yana kan wayar nan. In ta yi tartsatsi, wa zai buɗe mana?"

Da farko na ɗauka tsoro ne kawai irin na wanda ya sha wuya. Sai a shekarar 2023 na ji wani labari a rediyo.

Ranar 27 ga watan Maris 2023, gobara ta tashi a wani gidan tsare baƙi a garin Huwares na ƙasar Meziko, bakin iyakar Amurka. Wasu daga cikin waɗanda aka tsare ne suka cinna wa katifu wuta, don nuna fushinsu. Na'urar ɗaukar hoto da ke jikin bango ta nuna masu gadi suna wucewa, ba wanda ya buɗe ƙofa. Mutum 40 suka mutu. Da yawansu ƴan ƙasar Gwatamala ne. Ƴan bida ne kamar namu.

Kada ku ce wannan sai inda ba kuɗi. A watan Oktoba na 2005, wuta ta kama irin wannan gida kusa da filin jirgin sama na Amsardam, a ƙasar Holan. Mutum 11 suka mutu cikin ɗakunan da aka kulle su. Masu bincike suka ce, da hukuma ta bi dokokin gini da na gobara, da waɗanda suka mutu ba su kai haka ba, ko ma ba wanda zai mutu. A 2006 ministoci 2 suka ajiye aiki saboda wannan magana.

Ga abin da ya kamata mu gane. Soson katifa daga man fetur ake yin sa. Yana kamawa da sauri, hayaƙinsa baƙi ne, kuma guba ne. A ɗakin da ke rufe, hayaƙi yana taruwa a sama, sannan ya riƙa sauka. Cikin ƴan mintoci mutum ya suma, tun wuta ba ta taɓa jikinsa ba. Shi ya sa duk ginin da ake kulle mutane yana bukatar ƙofa fiye da ɗaya, da abin kashe wuta, da mai makulli wanda ba ya gusawa ko da dare. Kuma ba a cusa mutane fiye da yadda ɗakin zai ɗauka.

Na kawo maganar a ajinmu na yaƙi da jahilci. Na rubuta kalma 3 a allo: ƙofa, makulli, hayaƙi. Bayan mun karanta, wani dattijo ya ce: "To malam, ai su suka kunna wutar da hannunsu." Na ce: "Gaskiyarka, baba. Wanda ya kunna yana da laifi. Amma sauran da ba su kunna ba fa?" Ya yi shiru. Can ya ce: "Ko akuya ka ɗaure, in garke ya kama wuta, kai za ka kwance ta." Ban ƙara komi ba. Wanda ya kulle mutum ya ɗauki amanar ransa. Rashin takarda laifi ne a dokar wata ƙasa, amma hukuncinsa ba mutuwa ba ne.

Ku masu shirin tafiya, ku nemi takardunku tun daga gida. In ƙaddara ta kai ɗayanku irin wannan ɗaki, ya duba inda ƙofa take tun da rana. In hayaƙi ya tashi, ya yi ƙasa-ƙasa, ya rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yi rarrafe wajen ƙofa.

Ƙanena yana nan gida, yana noma. Har yau ba ya kwana da ƙofa a kulle, ko da lokacin ɗari ne. Mun daina yi masa magana a kai.